Kafin Ka Kwance Noti Na Farko

 Labari ya iso ni cewa ka ɗaura niyyar tayar da tsohuwar Fijon marigayi mahaifinku, wadda ta daɗe tana zaune ƙarƙashin darbejiya a bayan gida. An ce ba haya za ka sa ta ba, ba kuma sayarwa za ka yi ba. So kake kawai ka ga ta sake hawa titi, ka riƙa taɓa ta da hannunka a ranakun da ka samu sarari. Na ji daɗi ƙwarai. Wasu za su ce maka ɓarnar kuɗi ce. Ni ban ce ba. Mai kiwon doki ma ba riba yake lissafi ba, kuma ba wanda ya kira shi wawa.

Abu ɗaya nake jiye maka, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Irin waɗannan motoci ba zaman gindin itace ne yake ƙarasa su ba. Hannun mai son su ne. In ka bi ta garejojin Jega ko Yawuri ko Birnin Kebbi, ka leƙa can baya inda ciyawa ta yi tsawo. Za ka ga gangar mota a kan duwatsu, ba ƙafa, ba inji, ba gilashi. Da yawansu da ƙafarsu suka shigo. Mai su ya zo da zumuɗi, aka kwance komai a mako guda, kuɗi suka yanke, damina ta sauka, kaya suka watse. Ba mugunta aka yi ba. Tsari ne ba a yi ba. Saboda haka ka riƙe wannan tun yanzu: kada ka kwance abin da ba ka shirya mayarwa ba.

Ka yi sa'ar mota, wannan kam gaskiya ne. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, kan hanyoyi masu ƙura da laka irin namu. Faransa ta daina ƙera ƙaramar, wato salun, a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta sama da shekara 20 bayan haka. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar tasha, ita ce mai buɗaɗɗen baya da ke kai buhunan shinkafa kasuwa. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne kayanta ba su ƙare a ƙasar nan ba, kuma makanikan da suka girma a ƙarƙashinta suna nan da ransu. Ba ta da kwamfuta. Kunne da ido da sifana sun ishe ta.

Amma aikin farko ba na sifana ba ne. Motar nan gado ce. Ko da shekara nawa ta yi kaji suna kwana a cikinta, akwai haƙƙin mahaifiyarka a ciki, da na ƙannenka mata, da na duk wanda ya ci gadon. Yau ba wanda ya damu da ita, domin ba ta da daraja a ido. Ran da ta sha fenti ta fito tana sheƙi, ranar ce za a tuna ta kowa ce. Ba don 'yan'uwanka miyagu ba ne, haka zuciya take. Ka tara su yanzu. A kira wanda ya san farashi ya ƙiyasta ta yadda take, da tsatsarta da komai. Ko ka biya kowa rabonsa, ko su yafe maka a gaban shaidu, a rubuta. Mahaifinku zai fi samun hutu da haka fiye da sabon fenti.

Daga nan sai takardu. Ka binciki akwatin marigayi, ka nemo duk wata takarda ta motar, ko ta yi ja don tsufa. Ka ɗauki tsumma da ɗan kananzir ka goge lambar shasi da lambar inji, ka gwada su da abin da ke rubuce. Kai mazaunin bakin iyaka ne. Tsakanin Bagudo da Ka'oje da Tsamiya, ko hanyar Illo zuwa Lolo, ka san ba a rasa shingen jami'ai, kuma aikinsu ne su tambaya. Motar da lambarta ta saɓa da takardarta, ko ta fi kowace kyau, a gida za ta ƙare. In daga baya ka sauya inji ko launi, ka riƙe rasit, ka je ofishin lasisi a gyara maka takarda. Tafiya ɗaya ce zuwa ofis, ta raba ka da dogon bayani a bakin hanya.

Sai ka sayi littafi mai kauri, irin na 'yan makaranta, ka ɗaure masa biro da zare. Mako biyu na farko kada ka kwance komai. Kallo kawai za ka yi, kana rubutawa. Ka share ganye da kashin kaji. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gaba da ta baya. Ka ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa a hankali: ƙasan inda direba ke sa ƙafa, ƙarƙashin ƙofofi, mazaunin batir, ramin but, da wuraren da shokozoba ke kama jiki. Ƙarfe mai lafiya zai yi maka ƙara, ya ƙi shiga. Ruɓaɓɓe kuwa zai burme, jan gari ya zubo maka a hannu. Ka tambayi mutanen gida ko ruwa ya taɓa shiga cikinta. Ka san irin ambaliyar da Kogin Kwara ya yi mana a 2020, da yadda ruwa ya kwanta a wuraren da ba a saba gani ba. Motar da ta kwana cikin ruwa tana ɓoye laka a cikin ƙofofi da ramukan shasi, lakar kuma tana riƙe danshi tana cin ƙarfe daga ciki shekara da shekaru.

A nan ne za ka yanke hukunci mafi nauyi, kuma ina so ka yanke shi da sanyin zuciya. Ramin da ke ƙasan ƙafa ba komai ba ne, mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in wuraren da ke ɗauke da nauyin motar ne suka ruɓe, ka kira dattijon mai gyaran bodi ya duba, ka kuma saurari abin da zai faɗa ko bai yi maka daɗi ba. In ya ce ba ta ɗaukuwa, ka haƙura. Ka nemi wata gangar mai lafiya da takardunta, ka mayar da ta gida uwar kayan gyara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In ta tsallake wannan, sai ka koma littafinka ka jera ayyuka. Jerin ba shi da wuya, zuciya ce ba ta son sa. Zuciya fenti take so, da kushin, da rediyo. Kai kuwa ka sa su can ƙarshen shafi. Inji ne farko, don ka san ko akwai rai. Birki da sitiyari da tayoyi na biye, kuma ba za ta leƙa titi ba sai sun kammala. Sannan waya da fitilu. Sannan bodi. Kwalliya daga baya. Dalilin a bayyane yake. In ka yi fenti kafin inji, ran da za a ciro injin sarƙa za ta karce maka gaba, baƙin mai ya ɓata sauran. In ka ɗinka kushin kafin walda, tartsatsi ɗaya ya isa. Duk aikin da aka yi kafin lokacinsa sau biyu ake biyansa.

Injin da ya yi shekaru yana barci ba a tashinsa da tsawa. Na san yadda hannu ke ƙaiƙayin a aro batir a murɗa makulli. Kada ka yi. Ka cire fulogi huɗun nan, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu ko uku. Sannan ka sa sifana a babban notin da ke gaban inji ka juya da hannu. In ya juya lau, ka gode wa Allah. In ya cije, kada ka sa ƙarfi, kada kuma ka yarda yaran unguwa su tura ta a giya. Ka ƙara mai, ka ƙara haƙuri. Tsohon fetur da ke tanki ya riga ya zama danƙo mai wari, a zubar, a sauke tankin a wanke. Ka buɗe gidan iska, sau da yawa zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki, ɓera kuma ya yi sheƙa da soson kujera. In ka tayar da inji haka, duk wannan ƙasar ciki za ta wuce. Ka sauya baƙin mai da matacinsa. Ka matsa robobin lagireto da yatsa, wanda ya yi tauri ko ya tsattsage ya gama aiki.

Ga wani abu da tsofaffin makanikan Fijo suka sani, yara da yawa ba su sani ba. Hannayen da fistin ke gudu a cikinsu a injin 504 ba a haɗe suke da gangar injin ba. Zura su ake yi, ruwa yana zagaye su, akwai abin toshewa a gindinsu. In an cire kan inji, aka juya shi ba tare da an danne hannayen nan ba, sai su ɗaga. Ido ba zai gani ba. Sai an ɗaure komai an tayar, ka ja sandar gwajin mai ka ga ya zama fari-fari kamar an dama. Ruwa ya haɗu da mai ke nan, aiki ya koma farko. Shi ya sa nake roƙonka, in aiki ya kai ga buɗe kan inji, ka nemi mai furfura. Ka zauna kusa da shi, ka riƙa miƙa masa sifana, ka yi tambaya cikin ladabi. Abin da za ka koya a yini biyu a gefensa ba ya cikin waya.

Aiki ɗaya a lokaci ɗaya, ɗana. In ka kama birkin ƙafar dama, ka bar na hagu a ɗaure, shi ne malaminka in ka manta yadda sifirin ya zauna. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da wayarka, ta gaba da ta gefe. Ka tara gwangwanayen madara da na tumatir, kowane da takarda a ciki: notin kafireto, notin famfon ruwa, kusoshin ƙofar baya ta hagu. Yau kana ganin ba za ka manta ba. Bayan wata huɗu duk noti kamarsu ɗaya. Ka samu akwatin ƙarfe mai kwaɗo ka riƙa kulle su. Yara ba su san darajar ƙaramin ƙarfe ba, abin wasa ne a wurinsu, kuma 'yan jari-bola suna zagayawa kullum da kurarsu. Kafireton da za ka sha wahalar nema har Kaduna, a kilo za a auna shi a ba yaro kuɗin alewa.

Kan birki ba na son ka yi tsimi ko kaɗan. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, robobin ciki suna mutuwa ko ba a taka su ba. A sauya su duka, da bututun roba na kowace ƙafa. Tayoyi kuma kada zanensu ya ruɗe ka. Ka duba gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layi: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na 2015. In lambobi uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta. Taya irin wannan tana iya fashewa da zafin kwalta a watan Afrilu, alhali zanenta bai ko goge ba.

Ka kula mini da ranka. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, balle a kan rairayi. Ka sa gungumen itace mai faɗi, ka tare sauran ƙafafun da dutse, ka girgiza ta da ƙarfi kafin ka kwanta. Bulo na siminti yana fashewa ba sallama. Ranar walda a cire batir, a sauke tanki a kai shi nesa. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke kamawa. Mahaifiyarka ta riga ta yi rashi ɗaya.

Yanzu maganar lokaci da kuɗi, don su biyun tare suke tafiya a ƙasarmu. Kuɗinka na zuwa ne da kaka, sai kuma in an yanke shinkafar rani. To, ka raba ayyukan littafinka bisa haka. A gaban kowane aiki ka rubuta abin da kake zaton zai ci, ka ƙara rabin wannan a kai, don ba a taɓa buɗe tsohuwar mota ba tare da ta nuna wani ciwon da ta ɓoye ba. Kada ka fara aiki sai kuɗinsa gaba ɗaya na hannunka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kuɗin taki da na man injin ban-ruwa da na makarantar yara ba na mota ba ne, ko da aro. Ran da matarka ta fara kallon motar nan a matsayin kishiya mai cinye cefane, daɗin aikin ya tafi, ko an gama shi.

Damina lokacin ƙananan ayyuka ne, waɗanda za ka yi a zaure kan tabarma: wanke kafireto, gyaran fitilu, goge ƙarafan ado. Motar kuma a ɗaga ta daga ƙasa, a yi mata rumfa. Kada ka naɗe ta da leda ruf, zufa za ta yi a ciki ta ƙara tsatsa. Walda da bugun bodi sun fi daɗi da rani. Fenti kuwa yana da 'yar ƙaramar ƙofa: bayan ruwa ya ɗauke, kafin hunturu ya taso da ƙura, wato wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. In ka fesa cikin hazo, ƙura za ta zauna a kai, ka shafa ka ji kamar tsakuwa. In ƙofar bana ta wuce ka, ka shafa jan fentin hana tsatsa ka jira ta baɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kayan gyara kuma, ka tara buƙatunka a shafi guda, ka yi tafiya ɗaya mai amfani. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, zirga-zirga don noti biyu ta fi notin tsada. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano su ne manyan wuraren da za ka dosa. Ko ina za ka, ka tafi da tsohon abin a leda, ka ɗora shi kusa da sabon, ka ƙirga ramuka, ka gwada tsawo. An daɗe ana ƙera 504, an yi ta sauye-sauye, na ƙaramar da na mai buɗaɗɗen baya ba kullum suke shiga juna ba. Sau da yawa tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabo mai sheƙi a kwali. Amma roba da gasket da kayan birki, sababbi kawai. Araha ba ta ado.

Ka kuma tuna kana da wata kasuwar a bayan gida. Mutanen Benin sun daɗe da Fijo kamar mu, ta yi musu aikin tasha shekaru masu yawa a hanyar Kandi da Malanbil. Daga Tsamiya zuwa Segbana ba nisa, kuma Hausa da Dandanci za su kai ka inda Faransanci bai kai ka ba. Sai dai ciniki can da sefa ne, ka san canjin ranar kafin ka taya. Ka bi ta ƙofa, ka nuna abin da ka sayo, ka karɓi rasit. Wani zai zo maka da shawara mai zaƙi, ya ce ga matacciyar 504 can ƙetare, a jawo ta ta daji da dare ka samu kayan gyara na shekara goma. Ka yi masa godiya ka ƙi. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, kuma ka ga yadda aka rufe iyakoki a Agustan 2019, aka fi shekara ana jira. Dokar iyaka tana sauyawa, saboda haka ka tambayi jami'an kwastan da bakinka kafin ka sa kuɗi. Kada kuma ka bar wani muhimmin abu na motarka a hannun mai gyara a ƙetare da sunan za ka dawo wata mai zuwa. Iyaka tana iya rufuwa cikin dare ɗaya.

Masu sana'a kuwa, ka riƙe su da mutunci. Mai walda, mai waya, mai kushin, mai fenti, kowa da gwanintarsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka yi ciniki a fili, aiki kaza, kuɗi kaza, rana kaza, ka rubuta a gabansa. Ka ba da wani abu a fara, sauran in an gama. Ba don ba ka yarda da shi ba. Shi ma mai iyali ne, in kuɗin duka suka shiga aljihunsa yau, buƙatar gida za ta cinye su, aikinka ya zama bashi a wuyansa, ya fara kauce maka a masallaci. Ka tsare shi daga wannan kunyar. In da hali, a zo a yi aikin a gidanka, ko ka ciro abin ka kai. Motar da ta yi wata shida a gareji ba mai leƙa ta, aron kayanta ake fara yi wa motocin da masu su ke tsaye. Da niyyar mayarwa ake ɗauka, yau da gobe kuma ta sa a manta. In an gama maka aiki mai kyau, ka ƙara ɗan wani abu a kan ciniki, ka kuma faɗi alherinsa a gaban mutane.

Wajen bodi ka sa ido a kan fila. Mai gaggawa zai cika rami da ita ya goge, ta yi sumul, bayan damina biyu ta tsage ta faɗo da fentin. Inda ƙarfe ya ruɓe, ƙarfe za a mayar. Launi kuma, in ka tambaye ni, ka bar mata wanda ta fito da shi daga Kaduna. Za ka same shi a cikin but ko ƙarƙashin robar ƙofa, inda rana ba ta taɓa ba.

Ran da ta tashi, kada ka ɗebi iyali ka nufi Birnin Kebbi. Ka zagaya unguwa tukuna, ka taka birki sau da yawa a hankali. Ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ka duba abin da ya ɗiga da inda ya ɗiga. Washegari ka ƙara nisa kaɗan, idonka na kan allurar zafi. Ruwa mai tsabta za ka riƙa zuba wa lagireto, ba na kogi mai laka ba. In an buɗe kan inji, ka koma wurin makanikin nan mai furfura bayan 'yan tafiye-tafiye ya sake ɗaure notunan kan, ya daidaita bawul. Sai ta yi mako biyu ba ta ba ka kunya ba, takardu da inshora sun cika, sannan ka ɗauki mahaifiyarka ka kai ta gaishe da 'yan'uwa a Illo.

In ka gama kallon mako biyun nan, ka aiko mini da hoton shafukan littafinka da na ƙasan motar, mu duba tare kafin ka kashe ko naira ɗaya. Ka gaishe da mutanen gida duka.